Robar da Ke Komawa Ƙasa da Amanar da Ke Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, Allah cikin hikimarsa Ya tsara wa halittunsa hanyar komawa ƙasa. Ganye ya faɗi ya zama taki, mu ma can muka nufa. Sai ga leda, wadda aka ƙera daga man fetur, ta ƙi bin wannan tsari. Ba ta ruɓewa, sai dai ta marmashe, ta shiga cikin kifi da ruwan sha. Aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta ɓarnar tudu da teku ga aikin hannun mutane.

A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka suka matse garin sifirulina da zafi har ya zama roba. Sifirulina wata 'yar mitsitsiyar gansakuka ce, ita ce dihe da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa a yankin Tafkin Chadi, su shanya, su yi miya da ita. Da aka binne robar a cikin taki, sai ta ruɓe cikin lokacin da ɓawon ayaba ke ɗauka.

Ta yaya? Ƙananan halittun ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, suna fitar da sinadaran da ke yayyanka ta gutsi-gutsi, su cinye, ta koma ruwa da iskar kabon da taki. Amma sai da sharaɗi: danshi, ɗumi da iska. Wasu robobin, irin na masara, ba su ruɓewa da wuri sai a masana'antar taki mai zafi sosai. Abin da kuma ya ruɓe a ƙarƙashin juji babu iska, iskar metan yake fitarwa, mai ƙara ɗumamar duniya.

Don haka rubutun da ke jikin kofi cewa yana ruɓewa bai sauke mana nauyi ba. Bayan walima ko buɗa-baki a masallatanmu, mu ware shara yadda hukumar garin da muke zaune ta tsara, mu rage kayan da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Kawar da cuta daga hanya sadaka ce, maƙwabtanmu kuwa a aikinmu suke karanta Musulunci.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.