Toshe abokin wasa: gaba ce ko kare kai?

Wani matashi daga Tursa ya tambaye ni: suna buga Among Us, wasan nan na jirgin sama jannati, abokinsa ya kashe shi, gardama ta kai ga zagin iyaye, sai ya yi bulokin ɗinsa. Wai ya yi gaba?

Na ce masa, kisan cikin waya wasa ne, da yardarku kuka shiga. Zagi kuwa ba wasa ba ne, mala'iku na rubutawa. Toshe mai zagi kare harshenka ne. Abin da shari'a ta hana shi ne ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana 3. Ka toshe shi a waya, amma in kun haɗu a masallaci, ka riga shi sallama.

Allah Ya shirye mu.