Hukuncin Korar Musulmi Daga Zauren Waya Da Haƙƙinsa Na Neman a Saurare Shi

 

Mutanen Maska sun san ɗacin yankewa daga jama'a. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba a buɗe ba sai watan Disamba. A wannan tsakani manomi ya rasa hanyar jin farashin masara, ɗan kasuwa ya rasa abokin cinikinsa. Waccan rufewa kowa ta shafa. Amma akwai wata ƙarama da ke faruwa kullum, mutum ɗaya take samu, kuma ɗan'uwansa ne ke yi masa ita: watau a cire shi daga zauren WhatsApp.

Zauren nan ba wurin hira kaɗai ba ne. A ciki ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure, da isowar taki, da yadda kasuwar Dandume ta ci. Shugaban zaure, wanda ake kira admin, da danna yatsa ɗaya yake fid da mutum. To, ya kamata ya san cewa a wannan lokaci kujerar alƙali ya hau, ko ya sani ko bai sani ba.

Musulunci bai hana ƙaurace wa mai laifi ba. Hujjar da malamai suka fi kafawa ita ce ƙissar Ka'abu ɗan Maliku da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, waɗanda suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. Sai dai masu jawo wannan ƙissa sau da yawa ƙauracewar kaɗai suke gani, su manta da yadda aka bi aka kai gare ta. Da Manzon Allah ya dawo Madina, masallaci ya zauna, ya saurari kowa. Mutum tamanin da 'yan kai suka kawo uzuri, ya karɓi zahirinsu, ya bar wa Allah abin da ke zukatansu. Ka'abu ya zo, aka tambaye shi dalili, ya faɗi gaskiya cewa ba shi da uzuri. Sa'an nan ne aka hana mutane yi musu magana.

Dare 50 suka yi a haka. Ka'abu yana zuwa sallar jam'i, yana zagaya kasuwa, ba mai tanka masa. Ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma mafi soyuwar mutane gare shi, ya yi sallama, ba a amsa ba. Duk da haka ba a hana shi masallaci ba, ba a taɓa dukiyarsa ba. Da aka cika dare 40 aka umurce su su nisanci matansu, matar Hilalu ta kai kuka cewa mijinta tsoho ne ba shi da mai hidima, aka kuwa yardar mata ta ci gaba da yi masa hidima. Ashe ko a tsakiyar horo ƙofar koke a buɗe take.

Wani abu kuma ya faru wanda ya kamata shugabannin zauruka su tsaya a kansa. Sarkin Gassan ya aiko wa Ka'abu takarda, yana cewa ya ji an wulaƙanta shi, ya taho a karrama shi. Ka'abu ya jefa ta a tanda. Amma ba kowa ne Ka'abu ba. Saurayin da aka kora ba bayani, akwai wani zaure da ke jiransa, na masu zagin malamai ko masu damfara, kuma su ba sa tambayar laifinsa.

Wahayi ne ya ƙare wancan horo, a aya ta 118 ta Suratut Tauba. Admin ba a yi masa wahayi, saboda haka sai ya yanka wa'adi, ya faɗa wa wanda ya cira laifinsa da ranar dawowarsa. In kuwa husuma ce ta tsakaninsu su biyu, kan bashi ko siyasa, hadisin Buhari da Muslim ya iyakance ƙauracewa ga dare uku, kuma bai halatta ya yanke hukunci a shari'ar da shi ne mai ƙara ba. Sai ya miƙa wa wani dattijo a zauren. Hoton magana da aka turo masa ma ba ya isa hujja, domin ana yanke farkonsa. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta wajabta bincike. Idan ya gano ya yi kuskure, wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musal Ash'ari ta riga ta koya wa alƙali cewa hukuncin jiya ba ya hana komawa ga gaskiya yau.

Akwai kuma rufewar da kamfanin kansa ke yi wa lamba, galibi saboda tura saƙo ɗaya ga mutane barkatai, ko amfani da jabun manhaja irin GB WhatsApp, ko yawan ƙorafin jama'a. Nan ma an bar ƙofa, domin a cikin manhajar ana iya neman a sake duba hukuncin, kuma ba a biyan ko kwabo. Mai nema ya bi hanyar Ka'abu, ya faɗi abin da ya yi ba ƙari ba ragi. Wanda ya ce a ba shi kuɗi da lambobi shida na sirri ya buɗe, ɓarawo ne. Su kuma matasan da ke haɗa baki su yi ta kai ƙarar lambar wani malami ko abokin gaba don a rufe ta, alhali sun san bai yi abin da suka jingina masa ba, shaidar zur suka yi, wadda hadisi ya jera ta tare da shirka da saɓa wa iyaye.

Ranar da aka karɓi tubar Ka'abu, bayan sallar asuba wani ya hau dutsen Sal'u ya ɗaga murya da bushara, mutane suka tarbe shi ƙungiya ƙungiya. Da ya shiga masallaci, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya miƙe da sauri ya yi musafaha da shi. Ka'abu bai taɓa manta wa Ɗalha wannan ba.