Wa Mai Gyara Yake Yi Wa Aiki?

Idan aka kawo wa mai gyara tsohon kaya, wa yake yi wa aiki: wanda ya biya kuɗi, ko wanda zai rayu da kayan bayan an gama? Galibi mutum ɗaya ne, shi ya sa tambayar ba ta cika tasowa ba. Amma akwai ranar da mutanen biyu ke rabuwa, kuma a ranar ne ake gane ko mai gyara yana da amana.

Ni mai walda ne a Simsim, kudu da garin Gadarif, ƙasar dawa da riɗi. Tun da aka kafa hukumar noman injina a 1968 yankinmu ke rayuwa a kan tarakta, mu kuma muna rayuwa a kan lalacewarta. A nan ba a jefar da ƙarfe. Abin da aka yar a wani wuri, mu za mu kankare shi, mu liƙe, ya ƙara shekaru.

Bayan girbin bara wani mai gona ya kawo mini abin da ban saba gani ba: akwatin gilashi na kiwon kifin teku, na hannu, mai cin lita 200, tare da teburin ƙarfen da ake ɗora shi. Ya ce: «Malam, ka shafa masa fenti kawai, ka share gilashin. Kifi zan sa a kawo mini daga Fot Sudan.»

Fenti aikin awa ɗaya ne. Sai dai ruwan gishiri ya riga ya ci ƙafafun teburin daga ciki, tsatsa ta rarake su. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta teku ma ta ɗan fi. Idan aka haɗa ruwa da gilashi da yashi da duwatsu, nauyin ya doshi buhu uku na dawa, kuma zai zauna a kan ƙafafun nan dare da rana, a ɗakin da yara ke rarrafe. Ido yana yarda da fenti, amma nauyi ba ya jin lallashi. Haka gam ɗin silikon da ke riƙe gilashin: sabo ba ya kama tsoho da kyau, dole a kankare na dā kakaf kafin a sa wani. Ga kuma baƙar lakarmu mai tsagewa da rani, ta kumbura da damina. Idan tebur ya karkata ko kaɗan, gilashi ne zai biya.

Wannan rabin tambayar mai sauƙi ne. Duk mai hankali ya san rufe tsatsa da fenti ha'inci ne, ko da mai kayan ne ya nema, domin yaron da akwatin zai faɗo wa ba ya cikin cinikin. Na yanke ƙafafun, na sa sababbi, na gaya masa dalili, ya kuma biya ba tare da musu ba.

Rabin da ya fi wuya shi ne kifin. Bahar Maliya tana daga cikin tekuna mafi gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin teku 35 ne. A can ne Sanganeb take, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016 saboda murjaninta. Kifin da ya tashi a irin wannan ruwa yana son zafin da ba ya nisa da digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Yana buƙatar famfo mai juya ruwa ba dare ba rana, mu kuwa lantarkinmu na janareta ne da sola. Sabon akwati sai ya yi makonni kafin ƙananan halittun da ke cinye dafin kashin kifi su zauna a cikinsa. Ruwa na ƙafewa ya bar gishiri, sai an riƙa ƙara mai tsabta, a garin da mata ke jiran ruwan hafiri. Tsakanin Gadarif da Fot Sudan kuma kusan kilomita 800 ne.

Mai karatu zai iya cewa: ina ruwan mai walda? Kuɗinsa ne, sha'awarsa ce, kuma dukanmu muna ɗaure akuya, muna rufe kaji. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Mai sana'ar da ya mai da kansa alƙali a kan kowane ciniki ba zai daɗe da shago ba, kuma akwai girman kai a cikin yanke wa mutum abin da ya dace da gidansa.

Amma ɗaure akuya da kulle kifin teku ba ɗaya ba ne. Akuya idan ta ji ƙishirwa za ta yi kuka har maƙwabci ya ji, kuma ciyawa da ruwan da take so muna da su. Kifi ba ya kuka. Wanda ya raba shi da teku ya ɗauki alkawarin zama masa teku, wato gishirinta da sanyinta da motsinta, kullum, babu hutu. Alkawarin da ka san ba za a iya cikawa ba, idan ka ƙera masa mazauni ka yi shiru, kana da kaso a cikinsa.

Don haka ban ƙi aikin ba, ban kuma yi shiru ba. Na gyara akwatin yadda zai riƙe ruwa shekaru, sannan na faɗa wa mai shi abin da kifin teku zai tarar a Simsim, na ba shi shawarar karfasa daga kogin Rahad, wadda ta saba da zafinmu da ruwanmu. Zaɓi nasa ne. Haƙƙina shi ne kada ya zaɓa a makance.

A ganina ma'aunin mai gyara ke nan: ya karɓi kuɗi daga mai baki, amma ya yi aikin yana tuna wanda ba shi da bakin ƙorafi.