Takardar Kyauta A Kan Kuɗin Da Kowa Ya San Bashi Ne



'Yan'uwa mazauna Ingila da suka taɓa neman sayen gida sun san wannan wajen da zan yi magana a kai. Waɗanda ba su sani ba su ɗan yi haƙuri da ni in shimfiɗa yadda abin yake, domin hukunci ba ya zama daidai sai an fahimci mas'ala.

A can ba a sayen gida da shaidu biyu da hannun mai unguwa. Lauya ne ke bin asalin gidan a hukumar rajistar filaye, ya tambayi ƙaramar hukuma ko akwai wata matsala, ya riƙe kuɗi a asusunsa, ya miƙa wa lauyan mai sayarwa ranar da za a ba da makulli. In da bashin banki a ciki, shi ma bankin yana buƙatar lauyan da zai tabbatar masa cewa gidan da zai riƙe jingina lafiyayye ne. Don a rage tsada, yawanci lauya ɗaya ke yi wa mai saye da banki aiki a lokaci guda. Amma fa ba kowane lauya ba. Kowane banki yana da jerin ofisoshin da ya yarda da su, wanda ake ce wa fanel. In lauyanka ba ya ciki, ko ka canja shi, ko ka biya kuɗin lauya na biyu wanda zai tsaya wa banki. A 2012 bankin HSBC ya taƙaita nasa jerin zuwa ofisoshi 43 kacal, aka yi ta ƙorafi, ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta sa baki, daga baya ya sassauta.

To ka ga abin da wannan ke nufi. Kai ka nemo lauyan, kai za ka biya shi, amma amana biyu ce a wuyansa. Akwai kundin ƙa'idoji na ƙungiyar bankunan, UK Finance, da ya ɗora masa wajibai. Ɗaya daga ciki: ya tambaye ka inda ka samo cikon kuɗin da banki bai bayar ba, wato kafin alƙalami. In ya gano ba kuɗinka ba ne na kanka, sai ya nemi izininka ya sanar da banki. In ka hana, ba zai tona maka asiri ba, amma zai mayar wa banki aikinsa ya ce ba zai iya ci gaba ba saboda maslahohin biyu sun ci karo. Kotu ma ta daɗe da tabbatar da irin wannan nauyi. A 1995, a shari'ar Mortgage Express da Bowerman, lauya ya san cewa gidan da ake sayarwa fam 220,000 shi mai sayarwar a lokacin yake sayensa fam 150,000, bai gaya wa mai ba da bashi ba, kotun ɗaukaka ƙara ta ce wajibinsa ne ya faɗa.

Malaman Hanafiyya tun tuni sun hango wannan ƙullin. Sun ce mutum ɗaya ba ya zama wakilin ɓangarori biyu a ciniki, domin haƙƙoƙin ciniki suna komawa kan wakili, sai ya zama shi ne mai nema kuma shi ne wanda ake nema a wajensa. Turawa sun yarda a haɗa, amma da sharaɗin da zarar an sami saɓani ya janye. Ni dai ina ganin akwai abin lura a janyewar nan: bai sayar da sirrin wanda ya ɗauke shi ba, kuma bai ɗauki ƙaryarsa ya kai gaba ba.

Yanzu ga inda mu muke shiga. A ce gidan fam 200,000 ne, banki ya ce kawo kashi goma. Kana da 8,000. Yayanka ya ranta maka 12,000, ko ka kwashi adashi wanda za ka ci gaba da zubi har shekara biyu. Banki ba ya son jin bashi a kafin alƙalami, saboda zai rage abin da yake ganin za ka iya biya duk wata. Kyauta kuwa yana karɓa, in mai kyautar ya sa hannu a takarda cewa ba za a biya shi ba, kuma ba shi da wani haƙƙi a gidan. Sai wani mai wayo ya ce maka: Malam, kowa haka yake yi, Yaya ya sa hannu kawai, ku kun san tsakaninku.

Hujjar da ake kawowa ita ce ta fi damuna. Wai bankin riba ne, ba na Musulmi ba ne, zalunci suke yi, don haka yi musu ƙarya ba komai. Subhanallah. Maganar halascin bashin ruwa don gidan zama mas'ala ce daban. Majalisar fatawa ta Turai ta yi rangwame a 1999 ga wanda buƙata ta matsa masa kuma bai da wata hanya, malamai da yawa kuma suka ƙi wannan fatawa har yau. Ba ita nake warwarewa a nan ba. Amma ko wanda ya bi rangwamen, an yi masa rangwame ne a kan karɓar bashi, ba a kan shaidar zur ba. Kuma ko ta tsarin sayen gida na bankunan Musulunci ka bi, za a tambaye ka asalin kuɗin, jarabawar ɗaya ce.

Mushrikan Makka suna shirin kashe Manzon Allah (SAW), ajiyarsu tana ɗakinsa. Malaman sira sun kawo cewa ya bar Aliyu (RA) a baya don ya mayar wa kowa kayansa. A Bukhari akwai labarin Mugira ɗan Shu'uba (RA), wanda kafin ya musulunta ya yaudari abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu. Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, ya nesanta kansa daga dukiyar. Waɗannan fa ba ma'aikatan banki ba ne, mutane ne masu bautar gumaka. Wanda ya shiga ƙasa da biza ya shiga ne da alkawarin aminci, kuma malaman mazhabobi sun haramta masa ha'intar mutanenta a dukiyarsu. A dokarsu kuma wannan zamba ce, dokar 2006 ta sa mata ɗauri har shekara goma.

Amma bari mu ajiye banki gefe, a ce ma ba zai taɓa sani ba. Wa takardar nan take cuta? Yayanka.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. An ce a rubuta, marubuci ya yi adalci, wanda ake bi shi zai yi shibta, kada ya rage komai. Kai kuma ka juya ayar a kife. Akwai bashi, akwai marubuci, akwai sa hannu, amma abin da aka rubuta shi ne babu bashi. Takarda ɗaya tilo da ke magana kan kuɗin nan a duniya tana cewa mai su ya yafe.

Ka ce kun san tsakaninku. Eh, ku biyu kun sani. Rai fa? In ka faɗi ka mutu shekara uku bayan nan, matarka da 'ya'yanka takarda za su gani. A Suratun Nisa'i ba a raba gado sai bayan an fitar da bashi da wasiyya. Yaya zai zo ya ce yana bin marigayi 12,000, a nuna masa sa hannunsa. In ya yi shiru, marayu sun ci haƙƙinsa ba su sani ba, kai kuma kana kwance da bashi a wuya. In ya yi magana, sai ya fara da cewa shi ya yi ƙarya a rubuce, kuma wa zai gaskata shi a karo na biyu? In shi ya riga ka, nasa magadan ba su da abin riƙewa sai tsoron Allahnka. Haka in aure ya mutu aka je kotu rabon gida. Zumunci nawa ya tsinke a kan abin da bai kai wannan ba?

Wani zai ce to a ɗauka kyauta ce, ni kuma daga baya in yi masa kyauta. Malaman fiƙihu sun san wannan dabarar kafin a haife mu. A ƙulla yarjejeniya ana duba manufa ne, ba sunan da aka laƙaba ba, kuma abin da aka fahimta tsakani kamar sharaɗi yake ko ba a furta ba. Malikiyya ma kyautar da aka yi don a sami madadi suna ba ta hukuncin ciniki a mafi yawan al'amuranta. Gwajin mai sauƙi ne. Ka tambayi Yaya: in ban taɓa mayar da ko kwabo ba, za ka riƙe ni a zuciya? In ya ce a'a har ga Allah, kyauta ce, ya sa hannu da natsuwa. In ya yi jim, bashi ne.

Ba na musun cewa tsarin yana matse irinmu. An gina shi ne a kan iyalin da uba ke da rarar da zai ba ɗa har abada. Mu kuwa da rance da adashi da gudummawar dangi muke tashi, kuma wannan ba abin kunya ba ne, rance ba ruwa sadaka ce babba. Ƙananan ofisoshin lauyoyi da suka san al'adarmu kuma su ne suka fi saurin faɗowa daga jerin bankuna, saboda wasu bankunan suna duba yawan aikin da ofishi ke yi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai matsi yana iya zama uzurin jinkiri, ko sayen ƙaramin gida, ko ƙarin shekara a haya. Ban san malamin da ya mai da shi uzurin rubuta ƙarya ba.

Kuma ƙofar gaskiya ba a rufe take ba. Akwai masu ba da bashi da ke karɓar rancen dangi in an bayyana, sai dai su lissafa shi cikin abin da ake binka, abin da za su ba ka ya ragu. Ana iya shigar da ɗan'uwa a matsayin mai kaso a gidan ta takardar amana, in bankin ya yarda. Ana iya jira a gama zubin adashi, kuɗin su zama naka tsantsa, da shaidar inda suka fito. Kafin ka biya lauya ko sisi, ka tambaye shi ko yana cikin jerin bankinka, sannan ka faɗa masa asalin kowane fam tun zaman farko, tun kafin a yi musayar takardun ciniki, lokacin da janyewa ba za ta cinye maka kafin alƙalaminka ba.

Wanda kuma ya riga ya sa hannu, ya tuba, ya nemi shawarar lauya mai zaman kansa kan matsayinsa da banki, ya sanar da iyalinsa bashin da ke kansa a gaban shaidu, ya gaggauta biyan ɗan'uwansa tun dukansu suna raye.

Wallahu a'alam.