ABIN DA BA YA BUGO MAKA WAYA



Makon jiya aka kira ni rabon gadon wani ɗan kasuwa, Allah Ya jiƙansa. Tun bayan La'asar muke zaune har aka kira Isha, ko kwabo ba mu raba ba. Mutum uku suka zo suna cewa suna bin mamacin bashi, babu takarda, babu shaida. Iyalinsa kuma sun san shi ma yana bin mutane kuɗi masu yawa, amma ba wanda ya san su wane ne. Babban ɗansa ya ce da ni: "Malam, kullum Baba cewa yake zai zauna ya rubuta idan ya samu sarari." Sararin bai zo ba, ajali ya riga shi.

Wallahi mutumin nan ba malalaci ba ne. Tun asuba waya na kunnensa: kaya sun iso, ga ɗaurin aure, ga wanda ke jira a shago. Da na koma gida sai na tarar ni ma haka nake, na fi shekara rabona da duba takardar basussukana.

'Yan uwa, abu mai gaggawa yana da baki, shi ke bugo maka waya. Amma abu mai muhimmanci shiru yake yi. Rubuta bashi, wasiyya, takardun fili, ramuwar azumi, zama da yaro ka ji inda karatunsa ya tsaya, babu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa a cikinsu, sai ranar da ya zama musiba.

Ku duba Suratu Yusuf. Annabi Yusuf (AS) bai jira fari ya sauka ba. Ya ba da shawarar cewa a cikin shekaru 7 na yalwa, lokacin da ba wanda ke jin yunwa, a adana hatsi a zangarniyarsa saboda shekaru 7 na tsanani. Ku duba Hijira: wata 4 Sayyidina Abubakar (RA) ya yi yana kiwon raƙuma biyu saboda tafiyar, aka kuma yi hayar ɗan jagora tun kafin a fita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Don haka kada wani ya ce min, "Ai Malam, tawakkali." Wa ya kai waɗannan bayin Allah tawakkali? Sun yi shiri, sannan suka dogara ga Allah.

Shawarata ita ce, ka ware awa ɗaya tak a mako. Ni na zaɓi bayan sallar Asuba ranar Juma'a. Ka kashe waya, ka ɗauki biro da littafi. Wa ke bi na, wa nake bi? In na faɗi yau, iyalina sun san inda komai yake? Nan da shekara 5 me nake so yarana su sani na addini da sana'a? Ka zaɓi abu ɗaya ka gama shi a makon. In an kira ka, ka ce kana da alƙawari, ai ba ƙarya ka yi ba.

Sarari ba ya zuwa da kansa, yanko shi ake yi. Ka fara da Juma'ar nan, don ba ka da tabbacin ta gaba.

Allah Ya sa albarka a lokutanmu, Ya raba mu da haƙƙin mutane, Ya sa mu cika da imani. Amin.