Mai jego ta yi kuka: butulci ne?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya, mu yi shawara. Mace ta haihu lafiya, an yanka rago ran suna, jama'a sun watse. Bayan sati uku sai a iske ta bakin murhu tana hawaye. Shin ta yi wa Allah butulci ne?

Wata ɗalibata ce ta sa ni wannan tunani, a wani ƙauye kusa da Filinge. Haihuwarta ta uku ke nan, saboda haka ba ta tafi gidan iyayenta wanka ba. Mijinta ya tafi Yamai cin rani tun bayan girbin hatsi. Ran nan ta ja ni gefe ta ce: "Malama, na manta rabon da in yi barcin kirki. Jiya da dare na ji kamar in aje yaron nan in bi dallol in yi ta tafiya. Ni muguwar uwa ce?"

Kafin mu yanke mata hukunci, mu duba halin jariri. Sabon haihuwa yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, amma guntu-guntu. Cikinsa ƙarami ne, bayan awa 2 ko 3 yunwa ta tashe shi. Bai san dare ba, bai san rana ba, sai ya yi wata 2 ko 3. Kukansa yakan yi yawa wajen sati na 6, sa'an nan ya riƙa raguwa. Wannan ba alama ce ta mugun nono ba.

To, jariri yana rama barcinsa da rana. Uwa fa? Gari na wayewa ga daka, ga rijiya, ga itace, ga sauran yara. Ko jaki aka hana wa hutu haka, sai ya durƙushe.

Masana lafiya sun ce mata da yawa sukan ji kuka na zo musu ba dalili a kwanakin farko, ya wuce kafin sati 2. Amma akwai wanda ba ya wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 takan kamu da ciwon damuwa bayan haihuwa. Ciwo ne kamar zazzaɓi, yana da magani, rashin barci kuma yana hura shi.

Mukan ce mata: "Yi haƙuri." Haƙuri abu ne mai kyau. Amma sau da yawa abin da muke nufi shi ne: "Yi shiru, kada ki dame mu." Duba, addini ya ɗauke mata salla da azumi muddin tana jinin biƙi. Kakanninmu kuma sun ware mata kwana 40 na jego. In Mahaliccinta ya sauƙaƙa mata, mu su wane ne da za mu tsananta? A ganina mai laifi shi ne wanda ya ji kukan jariri ta bayan zana dare goma, ya gyara kwanciya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai maigida, in jariri ya sha nono ya ƙi barci, karɓe shi ka zagaya tsakar gida; ba ya rage maka girma. In za ka cin rani, bar ta hannun wani tsayayye. Ke uwar miji, ke kishiya, ku ɗauke mata daka, ku goya yaron ta runtsa da hantsi. Kada a ba jariri jiƙo ko ƙwayar barci ta kasuwa, nono ya ishe shi har wata 6. Kada a girgiza shi don haushi, yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa.

In baƙin cikin ya wuce sati 2, ko ta daina cin abinci, a kai ta wurin ungozoma ko likita. In tana maganar mutuwa, ko tana jin muryoyi, ko tana tsoron za ta cuci yaron, a kai ta asibitin Filinge a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Ɗalibar nan tawa, matan ajinmu suka raba mata daka da ɗibar ruwa. Da ta dawo aji, barci ya sace ta bisa littafinta. Ba wadda ta tashe ta.

Kai fa, wace mai jego ce a unguwarku? Yau ka tambaya ko ta yi barci.