Wa Ya Gaya Maka? Bangaskiya da Binciken Asalin Sabon Alkawari

Duk wanda ya zauna a Sakkwato ya san birni ne na malamai, kuma malaman wannan ƙasa tun da can ba su karɓar magana sai sun san salsalarta. Wa ya gaya maka? Shi kuma daga bakin wa ya ji? A shekarar 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafin Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya sauke a hannun kowannensu. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ƙare rayuwarsa yana tattara rubuce-rubucen magabata yana tantance su. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka tare ɗanmu a makaranta, ko 'yarmu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ɗan'uwa a rumfarsa ta kasuwa, aka tambaye shi: Linjilar nan taku wa ya rubuta ta, a wace shekara? Me ya sa ta zama huɗu? Ba a sauya ta ba kuwa?

Da yawa daga cikinmu kan ji zafin wannan tambaya, su ɗauke ta tamkar zagi. Wasu kuma sukan amsa da abin da ba su tabbatar ba, su ce ai ko harafi ɗaya bai taɓa bambanta ba tsakanin kwafi da kwafi. A nan ne batun ya zama na lamiri. Ya halatta mai bangaskiya ya binciki asalin Littafi Mai Tsarki kamar yadda ake binciken kowane tsohon rubutu? In kuwa binciken ya tono abin da zai dami zuciya, wanne ya wajaba a kan mai koyarwa, ya faɗa ko ya rufe?

Mu fara da abin da masana suka gano. Ubangijinmu Yesu bai bar littafi da hannunsa ba. Ya yi wa'azi da harshen Aramiya, ya tara almajirai, ya aike su. Rubutu mafi tsufa a Sabon Alkawari, a ganin yawancin masana, ita ce wasiƙar farko ta Manzo Bulus zuwa ga Tasalonikawa, wadda ya rubuta da Helenanci daga birnin Koranti wajen shekara ta 50 ko 51. An iya ƙayyade lokacin ne domin Ayyukan Manzanni sura 18 ta ce an kai ƙarar Bulus gaban wani gwamna mai suna Galiyo, sai ga shi an tono wani rubutu a kan dutse a Delfi ta ƙasar Girka wanda ya nuna Galiyo ya riƙe wannan sarauta wajen 51 zuwa 52. Bisharar Markus ta biyo baya wajen shekara ta 70, Matiyu da Luka bayanta da shekara goma zuwa ashirin, Yahaya kuma kusan ƙarshen ƙarnin. Wato an yi shekaru ana baftisma, ana gutsuttsura gurasa, ana mutuwa saboda sunan Yesu, kafin a rubuta Bishara ko ɗaya. Jama'ar masu bi ce ta riƙe labarin a baki da ibada, daga cikinta kuma littattafan suka fito.

Marubutan kansu ba su ɓoye wannan ba. Luka ya buɗe Bishararsa da bayanin cewa shi bai ga al'amuran da idonsa ba, ya bi diddiginsu ne daga shaidun da suka gani, kuma wasu sun riga shi rubutawa. Bulus, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa, ya ce abin da ya karɓa shi ya miƙa musu, sannan ya lissafta waɗanda suka ga Ubangiji bayan tashinsa. A ƙarshen wasiƙar Romawa ma, magatakardan da ya riƙe alƙalami, Tartiyas, ya sa sunansa ya yi gaisuwa. Wajen shekara ta 180, Waliyyi Iraniyas bishof na Liyon ya ba da labarin yadda yana yaro ya saurari Folikaf bishof na Samirna, wanda shi kuma ya zauna da Yahaya. Malamin Sakkwato zai gane wannan da sauri, gama salsala ce. Tambayar da ake yi mana yau, Kiristocin farko sun riga sun yi wa kansu.

To, yaya rubutun ya iso gare mu? Takardun da manzanni suka rubuta da hannunsu sun ruɓe tun da daɗewa. Abin da muke da shi kwafe ne na kwafe. Amma suna da yawa, fiye da 5,000 da Helenanci kaɗai, ban da tsofaffin fassarori na Latin da Suriyanci da Kibɗanci. Akwai wani ɗan guntu da bai kai tafin hannu ba, ɗauke da 'yan ayoyi daga Yahaya sura 18, wanda aka saya a Masar a 1920, yana ajiye a ɗakin karatu na John Rylands a Manchesta ta Ingila. Yawancin masana suna sa shi a ƙarni na 2. Akwai kuma manyan kundaye biyu na fata daga ƙarni na 4, ɗaya a ɗakin karatu na Vatikan, ɗayan kuma an same shi a gidan sufaye na Waliyyiya Katarina a gindin Dutsen Sina'i, mafi yawansa yana Landan yanzu.

Masu kwafa 'yan Adam ne, suna aiki da hasken fitila, ido yakan gaji. Wani ya tsallake layi, wani ya maimaita kalma, wani ya ga bayani a gefen shafi ya shigar da shi ciki. Mafi yawan bambance-bambancen na rubutun kalma ne ko jerin kalmomi, ba su taɓa ma'ana. Amma akwai 'yan wurare masu girma, kuma ya kamata kowane katekis ya san su. Ayoyi 12 na ƙarshen Markus, wato 16:9-20, ba su cikin waɗancan kundaye biyu, ko da yake Iraniyas ya san su tun a ƙarni na 2. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, ba ya cikin kwafe mafi tsufa. Ikkilisiya ta karɓi sassan biyu a matsayin hurarriyar Magana, tana karanta su a Misa, ba ta kuwa hana a rubuta a ƙasan shafi cewa mai yiwuwa wani hannu ne ya sa su a wurin.

Ga misalin da ya fi koya mana halin gaskiya. A wasiƙar Yahaya ta farko, 5:7, tsofaffin Littattafai na Latin suna ɗauke da wata jimla da ta ambaci Uba da Kalma da Ruhu Mai Tsarki a jere. Da neman hujja kawai ake yi, babu ayar da ta fi ta daɗin riƙewa a kan koyarwar Triniti. Bincike ya nuna ba ta cikin tsofaffin kwafe na Helenanci, daga baya ta shigo. Masana Kirista ne suka gano haka, kuma sabon bugun Latin da Ikkilisiya ta fitar a 1979 bai ɗauke ta ba. Wanda ke sauya littafi don son ransa, abin da zai taimake shi yake ƙarawa. Mai riƙon amana kuwa yakan ajiye abin da ba na asali ba ko da ya so shi.

Haka ma batun Bishara huɗu. Wajen shekara ta 170 wani malami mai suna Tatiyan ya haɗe huɗun ya mai da su labari ɗaya sumul, aka daɗe ana karanta shi a ikkilisiyoyin Suriya. Daga bisani aka ajiye shi aka koma ga huɗun, da duk bambancinsu na jerin al'amura da lafazi. Alƙali ya san cewa shaidu huɗu da suka zo da kalma ɗaya, ba ragi ba ƙari, sun haɗa baki ne tun daga gida. Shaidun gaskiya sukan dace a kan abin da ya faru, su bambanta a yadda suka faɗe shi. A nahiyarmu ta Afirka ne ma aka fara ganin jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da su, a wasiƙar Ista ta Waliyyi Atanasiyas na Iskandariya a 367, sannan majalisun Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka tabbatar.

Wani uba zai ce: duk wannan na masu digiri ne. Kakarmu da ba ta san baƙi ba tana riƙe da rosari har ta mutu cikin salama. Me zai sa a dama mata ruwa? Wannan magana tana da nauyi, domin akwai mai ɗan guntun sani da ke yawo da shi yana firgita raunana don a ce ya yi karatu. Irin wannan ya yi zunubin girman kai, kuma guntun ilimi ya fi jahilci ɓarna. Ba kowane mai bi aka ɗora wa nazarin kundaye ba. Sai dai jikan kakar nan yana da waya a hannu, kuma abin da muka ɓoye masa a ajin katekisim zai gamu da shi a intanet, daga bakin wanda bai damu da ransa ba. Ranar da ya gane an gaya masa abin da ba haka ba a kan aya ɗaya, zai fara shakkar duk sauran abin da muka koya masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da don Allah aka ce an haƙa shi. Doka ta takwas ba ta ware wa mai kare addini wata ƙofa ba.

Ikkilisiya ma da sannu ta kai ga wannan matsayi. A 1890 Fada Marie-Joseph Lagrange, na ƙungiyar Dominikan, ya kafa makarantar nazarin Littafi Mai Tsarki a Urushalima. An zarge shi, har a 1912 ya bar makarantar na wani lokaci. Ya yi biyayya, bai kuwa daina aiki ba. A 1943 Paparoma Piyus na 12 ya umarci masana Katolika su koma ga harsunan asali, su nazarci tarihi da salon marubuta. A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardar Dei Verbum, ta koyar cewa Allah ya yi magana ta bakin mutane da irin maganar mutane, kuma masu Bishara sun zaɓa, sun taƙaita, sun bayyana bisa bukatar ikkilisiyoyinsu, suna faɗar gaskiya game da Yesu. Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, gama 'yan ƙungiyar Lagrange ne aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, kuma bishof na farko da aka kafa dayosis a 1964, Edward Lawton, Dominikan ne. Taken ƙungiyar kalma ɗaya ce ta Latin, ma'anarta Gaskiya.

Amma kada mu ɗora wa bincike kayan da ba zai iya ɗauka ba. Zai iya nuna cewa Bilatus mutum ne na tarihi, gama an sami dutse mai sunansa a Kaisariya a 1961, kuma marubucin Roma Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista, ya rubuta cewa a zamanin Bilatus aka kashe Almasihu. Zai iya nuna cewa shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye, akwai jama'a a Koranti da ke shaida cewa ya tashi. Ya kawo mu har gaban shaidu, ya tabbatar mana maganarsu ce muke ji. Gaskata su kuwa aikin alheri ne da na zuciya, kuma babu kundin da zai yi wa mutum wannan.

Saboda haka, iyaye da katekis da shugabannin zumunta, idan yaro ya zo da tambaya kada a tsawata masa. A buɗe Littafin tare da shi, a karanta har bayanin da ke ƙasan shafi, abin da ya fi ƙarfinku a kai wa Fada. Idan maƙwabci ya tambaya, a ba shi wurin zama, a amsa da ladabi, a faɗi abin da aka sani daidai gwargwadonsa ba tare da ƙari ba. Mutumin da ya tambayi salsalar littafinka ya nuna ya san darajar littafi. Allah ya ba mu zuciyar da ke son gaskiya fiye da son rinjaye a gardama. Amin.